Gadon Baba Kafinta

Talata, 3 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Likita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki. Ya aiki, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi masa nan. Mu nan kowa lafiya, sai Inna da ƙafarta ta sake kumbura, ina jin zaman karɓar gaisuwa ne ya yi mata yawa. Na sayo maganin da kika rubuta mata wancan zuwan. Tana sha in na tsaya a kanta, in na juya baya sai ta tura shi ƙarƙashin filo.

Na san abin yana cin ki da ba ki samu zuwa jana'iza ba. Ki daina. Tafiyar kwana biyu a mota ba wasa ba ce, kuma asibitin da ungozomarsa ɗaya ce tak ba a rufe shi a tafi. Ana saura kwana uku ya cika na ce masa zan aika miki, ya riƙe mini hannu ya ce, "Ƙyale ta. Masu shigowa duniya sun fi mai fita buƙatarta." Haka ya faɗa, har da 'yar dariyarsa.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Baffa, ƙanen Baba, ya ce a raba abin da aka bari tun zukata suna da taushi. Magada ku uku ne: Inna, da ke, da Auta. Abin da ke akwai kin san shi. Ga gida, ga shagon kafinta da ke jikinsa ta bakin titi, ga filin nan na bayan gari da Baba ya yi shekara ashirin yana cewa baɗi zai gina. Sai kayan aiki da kayan ɗakinsa.

Ni nawa rubutu ne kawai. Inna ce ta sa ni, don Auta in aka miƙa masa biro sai ya ce gobe. Kin san ba na cikin magada. Kakan mahaifina da kakan Baba ne 'yan ɗaki ɗaya, kuma ina ɗan shekara tara aka kawo ni gidan nan da riga ɗaya a leda. Ranar da muka dawo daga maƙabarta na share shago, na rataye zarto da guduma inda yake rataye su, na sa kwaɗo, na kai wa Inna mabuɗi. Ba zan buɗe ba sai an san mai shi. Hannuna dai ƙaiƙayi yake yi. Jiya na gyara ƙofar kicin wadda ba abin da ya same ta.

Baffa ya sa ranar zama ƙarshen watan nan. Ki rubuto wanda zai tsaya miki, ki kuma faɗi in akwai abin da kike so a ajiye miki. Auta ya riga ya ɗaura agogon Baba a hannu, ba wanda ya hana shi. Riguna da huluna Inna ta ce za ta bayar.

Ki ba direban motar da ke kai muku magani amsa, shi zai kawo.

Naki,
Yaya

Asabar, 14 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya,

Takardarka ta iso jiya, na gode ƙwarai. Ina lafiya, maigida ma lafiya, yana gaishe ku. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata na ji labarin filo, kuma in na zo da allura zan zo. Ka gaishe da matarka da yara.

Maganar da ka ce Baba ya yi, sau nawa na karanta ban sani ba. Na shiga ɗakin ajiye magani na rufe ƙofa na yi kukan da ban samu yi ba tun ranar da labari ya zo. Ka sauke mini dutse daga ƙirji, Yaya.

Ban san da wane baki zan gode maka ba. Zuwana na ƙarshe na gani da idona. Na ga yadda kake goya shi zuwa bayi, yadda kake yi masa aski yana ta mita wai ka fi iya katako da kan mutum, yadda kake hura masa shayi kafin ka kai masa baki. Ni da na koyi jinya a makaranta ban yi masa kwana goma ba. Kai ka yi wata bakwai. Allah ya ba ka masu yi maka.

A tsaye nake rubutun nan, mata biyu suna naƙuda, direba kuma yana ta danna mini ham. Baffa ya tsaya mini a wurin zama, na yarda da shi.

Ka ce in faɗi abin da nake so. Ni gadon Baba nake so. Don Allah kada a rarraba shi, kada kowa ya cire ko tsinke a jikinsa, a bar mini shi yadda yake har in zo. Na fi kowa haƙƙi a kansa, Inna ta san dalili. Sauran tarkace ku yi yadda kuka gani, ba ruwana.

Kuma ka daina ce mini Likita a bayan ambulan, har direba ya kama.

Taka,
Ƙanwarka

Laraba, 1 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ni dai lafiyata ƙalau, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Yau mako shida ke nan da 'yan kwanaki ban ga takardarka ba. Sau uku direba yana zuwa, sau uku ina fita da gudu kamar mai jiran albashi, sai ya juya mini tafin hannu. Na tambaye shi ko ya ba ka tawa, ya ce hannu da hannu. Na ce ya ya ga gida? Ya ce shago a rufe, har ciyawa ta fara fitowa a bakin ƙofa. Ya ce ya haɗu da Auta a tasha, ya ce masa, "Ko akwai saƙo ga Antinka?" sai Auta ya dube shi ya wuce.

Ruwa ba ya tsami banza. Me ya faru? Inna ce ba lafiya kuke ɓoye mini? In ita ce, wallahi ka faɗa mini, ba zan iya ta biyu ba. In kuwa laifi na yi, a gaya mini shi in san inda zan durƙusa.

Ko layi biyu ne ka rubuto.

Ƙanwarka

Lahadi, 12 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa. Inna lafiyarta lau, ƙafa ma ta saɓe. Ki kwantar da hankalinki ta wannan wajen. Yara sun yi mura sun warke.

Laifin shirun nawa ne. Takarda uku na rubuta na yaga, don duk wadda na karanta sai in ji ba muryata ba ce. Wannan ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba zan aiko.

An yi zama kamar yadda aka sa, a falon Baba. Baffa ya zo da malamin da zai yi rabo. Na miƙa masa takardarki tunda shi kika wakilta. Ya sa tabarau ya karanta a fili. Da ya zo wajen godiyar da kika yi mini, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ya zo ƙarshe. Ya karanta, ya tsaya, ya goge tabarau, ya sake karantawa: gadon Baba kike so, kada a rarraba, kin fi kowa haƙƙi, Inna ta san dalili.

Auta ne ya fara miƙewa. Ya ce, "Wato mu tsintar mu aka yi? Ita da ko gawarsa ba ta gani ba, ita ce mai haƙƙi?" Ya juya wajen Inna ya ce, "Inna, wane dalili ne kuka ƙulla ku biyu ban sani ba?" Inna ta ce wallahi ba ta san kowane dalili ba. Ya ce ai ga shi a rubuce. Ta ja gyale ta rufe fuska. Baffa ya ninke takardar ya sa aljihu ya ce ba a rabo cikin hayaƙi, a bari sai kin zo da ƙafarki. Malam ya ɗauki takalmansa.

Tun ranar Auta bai ƙara cin abincin Inna ba. Sai ta zuba ta rufe, ya kwana ya wuni, ta ba yarana. Da ma ya shirya da wani zai sayar da fili in ya faɗo rabonsa, ya sayi injin niƙa ya kafa a bakin kasuwa. Mai inji ya gaji da jira ya sayar wa wani.

Ni ba magaji ba ne, don haka zan iya faɗa miki gaskiya ba a ce cikina nake wa yaƙi. Ban gane ki a takardar nan ba. Yarinyar da take raba alawa gida uku ta ba ni babban, ita ce yau take cewa kada a cire ko tsinke? In wata matsala ce ta same ki a can, ki faɗa mini a tsakaninmu, a san yadda za a yi. Amma Allah ya riga ya yanka wa kowa nasa, kuma Auta, duk da bakinsa, ƙaninki ne.

Abu na ƙarshe. Shago ya shiga wata na uku a rufe. Masu kawo aiki sun gaji da ƙwanƙwasawa sun koma wani wuri. Ina da mata da yara uku. Wani kamfanin kujeru a ƙetaren gada ya ce in fara farkon watan gobe, kuma akwai ɗakin haya kusa da wurin. Na amsa. Ba fushi na yi ba. Zan riƙa leƙo Inna duk mako.

Yaya

Alhamis, 16 ga Afrilu

Yaya! Yaya! Yaya!

Gaisuwar ma a taƙaice, ina lafiya, ina fata kuna lafiya. Dubi ƙasan takardar nan kafin ka ci gaba. Ka ga abin da na zana? Na san bai yi kyau ba, ni ba kafinta ba ce, amma ƙirga ƙafafunsa. Huɗu ne. Ga katifa, ga filo.

Gado nake nufi, Yaya! Gado na kwanciya! Gadon katakon nan na ɗakin Baba!

Da na karanta takardarka sai da na zauna a ƙasa. Na yi dariya har mai shara ta leƙo, sannan na tuna Inna tana zuba abinci ana barin shi, dariyar ta koma kuka.

Kai ma har da kai? Ka manta shekarar da na faɗo daga katanga na karye a cinya, ina 'yar shekara bakwai? Wata huɗu na yi a kan gadon nan, Baba yana kwana a tabarma a ƙasa don kada in juya in faɗo. A kansa na koyi karatu. Na kankare baƙaƙe da ƙusa a jikin allon kai, tun daga a har z, wasu a juye. Wa ya ba ni ƙusar? Kai! Kai ka sato mini daga shago, kai ka sha faɗa, Baba ya ce an lalata masa katako mai tsada, amma bai taɓa goge su ba, ko da ya sake shafa wa gadon fenti sai ya kewaye wurin. Dalilin da na ce Inna ta sani ke nan. Na ce kada a rarraba shi don na san yana kwancewa gida biyar, ina tsoron wani ya ɗauki gefe ɗaya ya yi benci.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji ciwo da kuka yarda zan iya cewa a ba ni dukiyar Baba ni kaɗai. Shekara talatin da huɗu kuna tare da ni. Amma na sake karanta maganar a raina yadda Baffa ya karanta ta, na ga ko ni ce a falon da na miƙe kafin Auta. Wanda ya rubuta takardar rabo a tsaye shi ya ja. Ku yafe mini. Ka ce wa Auta ya je ya ci abincin uwarsa.

Yanzu ga maganata, kuma a zaune nake, na karanta sau uku kafin in liƙe. Ba na son fili. Ba na son ɗaki a gida, in na zo ɗakin Inna ya ishe ni. Baffa ya roƙi Malam a sa rabona ya faɗa a kan shago. Ranar da ya zama nawa, na ba ka shi halak malak, kai da 'ya'yanka. Na shawarci maigida, ya ce da ma abin da ya kamata ke nan.

Kada ka je kamfanin nan. Kuma wannan takardar kai za ka karanta a fili da bakinka. Baffa ya huta.

Taka,
Ƙanwarka

Juma'a, 8 ga Mayu

Zuwa ga Likita,

Na mayar miki da sunanki, kin ci. Gaisuwa mai tarin yawa daga kowa da kowa, har da wanda ya wuce direba a tasha. Muna lafiya ƙalau.

Takardarki ta yi kwana goma sha tara a hanya. Motar magani ce ta lalace, aka bar ta a gareji da takardar a cikin aljihun gaban mota. Kafin ta zo na riga na yi kwana biyar a kamfani, matata ta ɗaure kwanuka a buhu. A bakin ƙofar kamfani direba ya same ni. Na buɗe, idona ya faɗa kan zanenki. Na ɗauka akuya ce. Da na kai inda kika ce gado na kwanciya sai na jingina da bango, mai gadin wurin yana tambayata ko rasuwa aka sake yi.

Da yamma na tara su. Na karanta a hankali, na ja kalmar yadda ya kamata, na ɗaga zanen kowa ya gani. Inna ce ta fara. Ta ce, "Gadon ƙusa! La ilaha, gadon ƙusa take nufi!" Ta yi dariya har tana riƙe ciki, rabon da in ji dariyarta tun Baba yana tafiya da ƙafarsa. Ta ce da Baffa, "Kai kuwa da tabarau har biyu!" Baffa ya ce shi ba shi da laifi, rubutun boko ne marar kunya da ya sa wa abu biyu riga ɗaya. Auta bai yi dariya ba. Ya fita, muka ji shi yana zagaye tsakar gida. Can ya dawo ya durƙusa gaban Inna. Ta dafa kansa ta ce, "Tashi, akwai saura a tukunya." Kwano biyu ya ci.

Yanzu ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Gadon ba ya gidan.

Kin ce sauran tarkace a yi yadda aka gani. Inna ba ta iya shiga ɗakin Baba ta gan shi a shimfiɗe ba kowa. Kin tuna Mai Aski, tsohon nan na gida na uku da ke zuwa hira shago? Ɓarin jikinsa ya shanye bayan rasuwar Baba da kaɗan, yana kwance a kan siminti da 'yar tabarma, sanyi yana shigarsa. Inna ta ce a kai masa. Ni na kwance shi da hannuna, gida biyar kamar yadda kika ji tsoro, na ɗauka a ka na kai, na haɗa masa. Ni da na ba ki ƙusa, ko kallon allon kai ban yi ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Jiya na je na duba. Baƙaƙenki suna nan. Tsohon ya ce in ya gaji da kallon rufi sai ya miƙa hannunsa mai lafiya yana shafa su, ya ɗauka wani ado ne na kafintoci. Ban gaya masa komai ba tukuna. In kin ce a karɓo, zan yi masa sabo cikin kwana huɗu in musanya, ba zai rasa wurin kwanciya ba.

Maganar shago kuwa, na gode, Allah ya saka, amma ba zan karɓa ba. Baba ya ciyar da ni, ya sa ni makaranta, ya yi mini aure, ya sa mini sana'a a hannu. Rabona na cinye tun yana da rai. Jinyar da na yi masa ba aikin lada a hannun mutum ba ne, kada ki sa in ji kamar an biya ni. Ki riƙe shagonki, in kin yarda in zauna a ciki ina ba ki haya.

Naki,
Yaya

Litinin, 18 ga Mayu

Zuwa ga Yaya mai taurin kai,

Ina gaisuwa. Na ji daɗin labarin Inna fiye da yadda zan iya rubutawa. Ina lafiya, aiki ne dai ya yi yawa, watan nan kamar an yi shawara, kowa haihuwa.

Gado a bar wa Mai Aski. Kwana ɗaya na yi ina jin zafin abin, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma aikina ke nan kullum, neman gadon da zan kwantar da marar lafiya. Ba ni zan tayar da wani daga kan nasa ba, ko da na minti goma ne. Baba ma da yana nan shi zai fara ɗaukar ƙafar gadon ya yi gaba. Ka dai gaya masa ba ado ba ne, aikin wata ƙwararriya ne, kuma a riƙa juya shi duk bayan 'yan awoyi kada bayansa ya yi gyambo. Ka nuna wa iyalinsa yadda kake yi wa Baba.

Shago kuwa, saurara. Ban ce biyanka nake yi ba. Wa ya isa? In na ba ka gidan duka da filin ban biya goyo ɗaya zuwa bayi ba. Abin da na sani shi ne, ni ban san bambancin zarto da wuƙar yanka burodi ba. Kai kuma shekara talatin garin katakon wurin nan kake shaƙa. Ina so in na sauka daga mota in jiyo ƙarar guduma tun daga kwana, in san gidanmu yana nan. Don kaina nake roƙo.

Haya kuma ba na karɓa daga wanda ya goya ni zuwa makaranta da ƙafa a ɗaure. In ka ƙi, zan sayi kwaɗo mai girman kanka in sa, gara ta cinye katakon, mutane su ce ga abin da Yaya ya jawo.

Kada ka sake yi mini shirun mako shida.

Ƙanwarka

Asabar, 30 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata Likita,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan masu haihuwa sun ɗan sarara miki. Mu nan sai godiya. Inna tana shan magani ba tare da an tsaya a kanta ba, ko kuma ta canja maɓoya, ban gano ba tukuna. Mai Aski ya ce a gaishe da ƙwararriya. Na koya wa 'yarsa juyin, tana yi.

An yi rabo shekaranjiya, lafiya aka tashi. Inna ta karɓi tumuninta a ɗakinta da kicin. Auta ya samu fili da sauran gidan. Har ya samu wani injin, wai ya fi na farko, kin san shi da baki. Ke kuma shago. Da aka auna sai aka ga shagon da kayan aikin ciki sun ɗan haura rabonki. Malam ya ce sai dai a cire kayan aikin a sayar, ko ki cika. Kafin Baffa ya buɗe baki Auta ya ce, "A cire daga nawa. Shago ba zarto ai ɗaki ne kawai." Ya ce in gaya miki zai rubuto da kansa gobe. Kada ki sa rai, kin san gobensa.

Na karɓa, ƙanwata. Matata ta kwance buhun kwanuka, na je kamfani na ba su haƙuri. Na karɓa, na gode, Allah ya raya ki, ya sa ki gama da duniya lafiya, ya ba ki masu jin ƙanki. Iyakar abin da biro zai iya ke nan.

Amma ba takardarki kaɗai ta karya mini wuya ba, gara in faɗa miki gaskiya. Na shiga zaman nan da niyyar in sake cewa a'a a gaban kowa. Na zauna can bakin ƙofa wajen takalma, inda wanda ba magaji ba ya kamata ya zauna. Malam ya buɗe littafinsa, ya ce kafin ya fara, don ƙa'ida, a sake gaya masa 'ya'ya nawa mamaci ya bari. Baffa ya ce biyu, namiji da mace.

Sai Inna ta ce, "Uku."

Malam ya ɗaga kai. Baffa ya ce, "A'a, Malam na cikinsa yake tambaya."

Ta ce, "Na ji abin da ya tambaya. Malam, rubuta biyu, ka raba wa biyu yadda Allah ya ce, ba na jayayya. Amma an tambaya a gabana, a ɗakin mijina, ba zan ji an ce biyu in yi shiru ba. Uku na raina." Sannan ta dube ni ta ce, "Kai kuma taso daga cikin takalman mutane ka zo nan kusa da ƙaninka."

Na taso. Auta ya matsa mini. Duk abin da aka faɗa bayan nan sai daga baya Baffa ya maimaita mini, don ni ban ji ba.

Ki zo da wuri, Inna tana cigiyarki.

Naki har kullum,
Yayanki